Fijon Da Ta Yi Tafsiri a Kahu

A Rano, in ka ji mota ta wuce tana ɗura wa mutane waƙar ɗan takara har ƙyauren shago na rawa, ba sai ka tambaya ba, aikin Uzairu mai wayarin ne. Shekarar da ake shirin zaɓe, 'yan siyasa layi suke yi a rumfarsa ta bakin tasha, kowa na son lasifikarsa ta danne ta abokin hamayya. Suna ce masa injiniya, yana amsawa da fara'a. Amma a garinsu Kahu, can ƙasar Kibiya, sunansa ɗaya ne tal: ɗan Malam Haliru da bai yi karatu ba. Ya fara karatun, ba a ce bai fara ba. Wata rana ce rediyon Malam ta lalace ya kwance ta, tun daga ranar allo bai ƙara samun kansa ba.

Tun kafin a haifi Uzairu, Malam Haliru ke tafsirin azumi a ƙofar gidansa bayan la'asar. Mutanen Nariya da Fammar kan taho a kekuna su jingine su a jikin katanga. Aikin na mutum biyu ne. Alaramma Manu, mai jan baki, shi ke karanto aya da ka, Malam kuma ya fassara ya yi bayani. Sun tsufa tare a kan buzaye biyu, har mutane ba sa ambaton ɗaya ba tare da ɗayan ba.

Bayan babbar salla ɓarin jikin Malam na dama ya shanye, bakin ma ya tafi. Hankali yana nan garau, ido yana bin kowa, amma magana ko ɗaya. Da Sha'aban ya gabato, Alaramma Manu ya hau mota takanas har Rano, ya samu Uzairu a ƙarƙashin sitiyarin wata bas.

"Uzairu, fito mu yi magana. Dagaci ya kira ni. Sun ce bana a masallacin Juma'a za a yi tafsiri, za su ɗauko wani Malam Abdulmuhaimin daga nan Rano."

"Ƙofar gidan Malam fa, Baba Alaramma?"

"Ƙofar gida ba ta fassara aya, ɗana."

Maganar ta soki Uzairu, don ya san abin da ba a faɗa ba. Da ɗan Malam ya yi karatu, da buzun bai bar gidan ba. Ya kuma san tafsirin da ya tashi daga ƙofar gida ba ya dawowa. Abin da ya fi damunsa shi ne la'asar ɗin farko ta azumi, Malam na kwance a ɗaki yana jin kekuna suna wuce gidansa ba sa tsayawa.

Sai ya tuna da kwalin kasakasan da ke ƙarƙashin gadon mahaifiyarsa Iya. Wani falke ne ya naɗi tafsirin shekara guda cur ya ba Malam kyauta. Uzairu ya ce da Alaramma a roƙi dagaci ya dakata, muryar Malam za ta fita bana ko ana ha maza ha mata.

"Kaset za ka kunna mana?" in ji Alaramma. "Ina raye, da haƙorana, rikoda ta ja mini baki? Kuma wa zai baro gonarsa don ya zauna gaban rikoda?"

"Kai za ka ja, Baba. Malam yana zaune a buzunsa. In ka kai ƙarshen aya, muryarsa ta amsa maka."

Kaset ba zai iya wannan ba, sai kwamfuta. Wutar Kahu kuwa ba abar dogaro ba ce, don haka dole komai ya zauna cikin mota, injinta ya ciyar da shi. Uzairu ya je Kano ya sayo tsohuwar kwamfutar ofis, wani mai haɗa bidiyon biki ya nuna masa yadda ake zuba kaset a ciki a yanka magana gunduwa-gunduwa. Ya dawo ya fuskanci tsohuwar motarsa Fijo.

Ya cire kujerar baya gaba ɗaya. Kafinta ya buga masa akwatin katako, ya shimfiɗe cikinsa da soson katifa ninki biyu, don hanyar Kibiya ba ta tausayin ƙashin mutum balle na kwamfuta. Ya ƙara batir na biyu a but ɗin motar, ya haɗa inbata mai mayar da wutar batir irin ta gida. Gwajin farko fiyus ya ƙone, wayar ta yi warin roba har mai shayin kusa ya taso da bokitin ruwa. Ya sake da waya mai kauri. Sai wani gurnani ya shiga lasifika duk lokacin da injin ke aiki, ya bi shi waya bayan waya har ya gano inda bai kankare fenti ba wajen ɗaure wayar da ke kama jikin mota. Ƙahon lasifika irin na kamfen ya ƙi shi, ya ce wannan na ihu ne. Ya sa manyan sifiku a akwati, ya yi ta murɗa amfilifaya har muryar ta fito da kaurinta da 'yar dishewarta. Allon kwamfutar ya ɗaure shi a dashbod da ƙarfe, madannan kuma a kan cinya.

Yankan maganar ne ya ci shi. Kasakasai fal kwali, ga motocin 'yan siyasa na jira, ga azumi na tahowa. Sai ya daina sauraron abin da ake faɗa, ya koma sauraron inda murya ke canjawa. In muryar Alaramma ta shigo ya yanke, in ta Malam ce ya ajiye ya ba ta lamba. A wasu wurare ya ji Alaramma ya maimaita aya, Malam ma ya sake bayani. Ya yi murmushi, ya ce tsofaffi da son nanata magana. Ya ajiye bayanin farko ya share na biyu, don abin ya tafi daidai, aya ɗaya danni ɗaya. Da ya zauna gaban mahaifinsa ko da shekara biyu ne yana saurare da kunnen ɗalibi, da hannunsa bai taɓa wajen ba. Amma shi lokacin tafsiri wajen amfilifaya yake zama, yana gadin ƙara.

Ana gobe azumi ya durƙusa gaban Malam ya zayyana masa shirin. Tsohon ya daɗe yana kallonsa, sannan ya lumshe ido.

"Ka tabbata yarda ce wannan?" Iya ta tambaya daga bakin ƙofa.

"Ya yarda, Iya. Ba ki ga ya rufe ido ba?"

Ta juya ta koma kan tukunyarta.

Ranar farko mutane sun cika ƙofar gidan har kan hanya, wasu don Allah, wasu don kallo. Aka naɗa wa Malam rawani aka jingina shi da matashi, littafi buɗe a gabansa. Alaramma ya ja aya, Uzairu na cikin mota ya danna. Da muryar ta fito, wani tsoho daga Nariya ya fashe da kuka, mata a zaure suka ɗau salati. Har 'yar dariyar da Malam kan yi kafin ya ba da misali da manomi ta fito. Kwanaki suka tafi lafiya. Dagaci da kansa ya kira Uzairu ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ashe kai ma ka gaji Malam, ta taka hanyar." Uzairu ya juya baya ya share ido, don duk rayuwarsa ba wanda ya taɓa haɗa shi da Malam a magana irin wannan.

Sai aka zo ayoyin gado a Suratun Nisa'i. Ranar taron ya fi na kullum, don maganar gado ba wanda ba ta shafa ba. Alaramma ya karanto ayar rabon matar da mijinta ya rasu. Uzairu ya danna. Muryar Malam ta cika fili, a natse, ba gargada: in mamaci ya bar 'ya'ya, matarsa rubu'i za ta ɗauka, in bai bari ba, tumuni.

Mutane suka dubi juna. Ko matan zaure sun san an juya maganar, don tumuni na wadda mijinta ya bar 'ya'ya ne. Tuntuɓen harshe ne, irin wanda ke samun kowane malami mai azumi a baki. Kuma su biyun suna da maganinsa tun suna samari. Alaramma ba ya gyara wa Malam a gaban jama'a. Sai dai ya sake karanto ayar, Malam ya farga, ya yi istigfari ya gyara da bakinsa. Haka aka yi a waccan shekarar da aka naɗi kaset, gyaran kuma shi Uzairu ya share.

Alaramma ya sake jan ayar, kamar yadda bakinsa ya saba. Uzairu ya ji an kai ƙarshe, ya danna. Muryar Malam ta wuce abinta zuwa bayanin ayar gaba. Alaramma ya ɗaga murya ya ja ta karo na uku. Uzairu ya rikice, ya zaci shi ne ya yi tsallake, ya koma baya ya danna. Kuskuren ya sake fita, da ƙarfi, har bayan gari.

Sai lokacin ya ɗago ya dubi mahaifinsa. Malam na kokawa da jikinsa. Bakin ya karkace yana son fitar da kalma, ba abin da ke fita sai gurnani da miyau. Hannun hagu na dukan littafin, rawanin ya zame ya rufe masa ido ɗaya. Ya san gyaran, yana kan harshensa, ga jama'ar da ya karantar tun suna yara suna kallonsa.

Alaramma Manu ya sunkuyar da kai. Ba ya iya barin mutane su tashi da hukuncin Allah a juye. Ya ɗago ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba tun da suka fara zama tare.

"Jama'a, Malam ya yi kuskure. Mai 'ya'ya tumuni ne, marar 'ya'ya rubu'i."

Malam Haliru ya daina motsi. Ya gyaɗa kai a hankali, ya sa hannun hagu ya rufe littafin. Mutane suka fara neman takalmansu tun rana ba ta yi sanyi ba, ba mai duban wani.

Uzairu ko ruwa bai sha da kirki ba da aka kira magariba. Ya zazzage kwalin, ya bi kasakasan har ya samu wurin. Ga Alaramma ya maimaita, ga Malam ya yi dariya yana cewa, "Astagfirullah, yunwa ta ja harshena. Allah ya saka, Alaramma. Ku juya ta, jama'a," sannan ya gyara tsaf. Ya shiga da rikodar ɗakin mahaifinsa da rawar jiki.

"Malam, ka ji, ka gyara! Wallahi ka gyara, ni ne na share."

Tsohon ya juya fuskarsa bango.

"Fita da abin nan, Uzairu," in ji Iya. "Ya ishe shi haka."

Washegari da hantsi ya zuba gyaran a kwamfuta ya hau hanya. Ya zaga Kahu, ya shiga Nariya, ya kai Fammar, yana tsayawa bakin kasuwa da bakin rijiya yana kunna guntun maganar nan. Masu yankan gero suka ɗago suka duba suka koma aikinsu. Wasu mata suka biyo motar suna tambaya ko atamfar ɗan takara ake rabawa. Wani mai facin keke ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah sarki, ai mun ji an ce Malam ya rikice." Labarin ya riga motar isa ko'ina, kuma ba wanda ya damu da sauran bayanin.

Ya dawo Kahu bayan la'asar. Ƙofar gidansu ba tabarma ko ɗaya, dagaci ya ɗauke tafsirin. Iya ta ce Malam ya yi ta nuna hanya da hannu har maƙwabta suka gane, suka ɗora shi a amalanke suka kai shi masallacin Juma'a.

Uzairu ya ja motar can, gyaran na ta fita daga sifiku, don yana ganin yau duk garin na wuri ɗaya, kowa zai ji. Daga nesa ya hango baƙon malamin a gaba, Alaramma Manu na gefensa yana ja masa baki. Bai ga mahaifinsa a sahun malamai ba. Sai can ƙarshen tabarmi ya gan shi, daf da inda ake tara takalma, da hula ba rawani, yana saurare kamar kowa. Ƙarar motar ta sa mai tafsiri ya dakata, kawuna suka juyo. Malam Haliru ya dubi ɗansa ta cikin gilashi, ya ɗaga hannun hagu da ƙyar, ya yi masa alamar da ake yi wa mai damun majalisi.

Uzairu ya kashe.