Rubutun Gefen Shafi

Mu ɗari da ashirin ne a ajinmu, amma kafin in fara tura hoton littafina a guruf ɗin aji, ba na jin mutum biyar sun san da ni. Idan aka yi mini magana ido da ido, harshena sarƙewa yake yi. A waya kuwa ba na in'ina. Da an tashi daga lacca sai in ɗauki hoton abin da na rubuta in tura, nan da nan saƙonni su fara shigowa: "Allah ya biya, Sakatariya." "Ba don ke ba da mun kaɗe!" Nakan karanta kowanne sau uku. Kunya nake ji in faɗa, amma haka ne.

Ƙawa ɗaya gare ni, Doguwa. Ɗakinmu ɗaya, bencinmu ɗaya. Malamin ƙididdiga ba ya yarda ko tari a yi masa, shi ya sa muke hira da fensir a gefen shafina. Ta rubuta, in ba ta amsa. Kullum sai na goge kafin in ɗauki hoto.

A wani mako ne wani ɗan ajinmu, Mai Gilashi, ya fara tura nasa rubutun, bugagge da kwamfuta, har da launi. Aka koma yabonsa. Kwana biyu ba wanda ya ambace ni.

Ranar Talata, ana tsakiyar lacca, Doguwa ta ja littafina ta rubuta: "Umma za ta zo ran Asabar. Ki taya ni ɓoye littattafan nan. Har yanzu tana zaton likitanci nake yi, ban faɗa mata an cire ni ba."

Na rubuta mata: "To."

Malam bai gama fita ba na hango Mai Gilashi yana buɗe kwamfutarsa. Da sauri na ɗauki hoton shafi huɗu na tura. Na riga shi.

A kan matakala na buɗe hoton don in ga ko ya fita sosai. Ya fita. Har rubutun Doguwa ya fita, ga shi nan a gefe, a karkace kamar yadda take yi. Na duba: mutum uku ne suka buɗe. Na ɗora yatsa zan goge, sai ga saƙon wakilin aji: "Kun gani? Sakatariya ba ta da na biyu. Mai Gilashi, rufe shagonka ka je ka huta!" Dariya ta ɓarke a guruf, ana ta jero mini tafi. Wata da ba ta taɓa amsa gaisuwata ba ta rubuta, "Sakatariyarmu ta kanmu."

Na ce a raina ai fensir ne, wa zai lura? Na ce bari su gama tukuna, minti biyar kawai. Na jefa wayar a jaka na shiga laburare, na zauna gaban littafi ban karanta ko layi ɗaya ba. Lokacin da na goge, mutum tamanin da bakwai sun gani. Wani ma ya zagaye rubutun da jan layi ya tura gaba.

Akwai wata a ajinmu da mahaifiyarta ke da shago jikin na Umman Doguwa. Labari bai jira Asabar ba.

Washegari da la'asar ina ninke kaya wayar Doguwa ta yi ƙara. Ta zauna a bakin gado. "Na'am, Umma... Eh, gaskiya ne... Tun bara... A'a, Umma." Daga inda nake ba na jin faɗa, kukan Umma nake ji ƙasa-ƙasa. Matar da ta shekara biyu tana ce wa maƙwabta su kawo takardun asibitinsu 'yarta Likita ta duba in ta zo hutu.

Da ta ajiye wayar, ni ce na fashe da kuka. Ta taso ta dafa ni.

"Ke kuma fa? Ji hancinki kamar famfo. Ni aka tona wa asiri, ke kike kuka?" Ta yi 'yar dariyar dole. "Kuskure ne, 'yar'uwa. Ai ba ki gani ba."

Ga hanya ta buɗe mini. In gyaɗa kai kawai, shi ke nan, mu ci gaba da zama kamar da. Har na fara gyaɗawa.

"Na gani," na ce.

"Me?"

"Na gani tun a matakala. Ban goge ba."

Ta janye hannunta a hankali. "Mutum nawa suka buɗe a lokacin?"

"Uku."

"Uku," ta maimaita. "To me ya hana ki?"

Na buɗe wayar na nemo saƙon wakilin aji na miƙa mata. Ta karanta, ta ja ƙasa, ta ga tafin da aka yi mini, ta sake komawa sama kamar tana neman wani abin da ya fi wannan.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan."

Ta ajiye mini wayar a kan gado, ba a hannuna ba. Ta jawo jakarta ta zuba kaya kala biyu da littafin ƙididdiga, wanda da za mu ɓoye. Gida za ta, kafin motar yamma ta tashi. Na miƙa hannu zan ɗaukar mata jakar ta ce in bari.

A bakin ƙofa ta tsaya, ba ta juyo ba.

"Dama dole wata rana in faɗa mata. Amma da bakina na so ta ji." Ta gyara igiyar jakar a kafaɗa. "In na dawo, kada ki yi mini magana. Ki jira sai na fara."

Na ce to. Ban tambaye ta yaushe ba.