Shimfiɗar Bakin Taga

Bokiti ta fara bayarwa. Nas ta miƙa shi ga yarinyar da aka kawo kwanan nan, wadda har yanzu da gwangwanin aro take wanka. Bargo ya tafi wurin mai ciki, kwano da cokali wurin tsohuwar da 'ya'yanta suka daina zuwa dubiya. Guntun sabulun da ya rage ta sa zare ta raba shi biyu. Matan ɗakin suna zaune a kan tabarminsu suna kallo, kowacce tana jiran abin da zai faɗo mata.

Haka dokar ɗakin masu jiran shari'a take: wadda za ta fita ba ta fita da ko tsinke. Gwamna ce ke riƙe da dokar, wata ƙatuwar mace mai muryar maza da ta fi kowa daɗewa a ɗakin, har gandirobobi ma da wannan sunan suke kiranta. Takan ce duk wadda ta fita da kayan gidan yari, kayan ne za su jawo ta ta dawo. Wurin kwana ma yana cikin rabon. Sabuwar zuwa a bakin ƙofa take kwana, kusa da masai, duk lokacin da wata ta fita sai ta matsa gaba kaɗan. Nas ta matsa, ta matsa, har ta kai bakin taga, gefen Gwamna, inda iska ke shigowa kuma haske ke daɗewa da yamma. Ta naɗe tabarmarta, mai bi mata ta ja tata zuwa wurin tun ɗumin jikin Nas bai bar simintin ba.

"Wancan fa?" Gwamna ta nuna bakin tagar da haɓa.

Littafin karatun jinya ne, mai kauri, bangonsa ya daɗe da cirewa. Saboda shi suka sa mata suna Nas.

"Wa zai karanta shi a cikinku?" in ji Nas. "Ku bar shi nan, ya riƙa tare muku ƙura."

Matan suka yi dariya. Gwamna ba ta yi ba. Ta dubi littafin, ta dubi mai shi, sannan ta ce Allah ya kiyaye hanya, a gaida mutanen waje.

A cikin motar gidan yari babu abin gani sai ɗan ramin iska mai waya. Ta nan Nas ta riƙa hango guntayen gari: rabin allon shago, kan mai babur, wata ɗaliba cikin fararen kaya tana gudun kada bas ta bar ta. Ita ma da irin kayan nan aka kama ta. Tana shekarar ƙarshe a makarantar jinya, tana ɗan aiki da yamma a wani asibitin kuɗi. Ranar da ta ƙi yi wa wani yaro allurar da wa'adinta ya wuce, ta kuma faɗi dalili a gaban uwar yaron, mai asibitin murmushi kawai ya yi. Bayan 'yan kwanaki ya kai ƙara cewa kwalayen magani sun ɓace daga ɗakin ajiya, kuma ita ce ta ƙarshe da ta riƙe makulli.

An ba da belinta tun zaman farko, da sharaɗin babban ma'aikacin gwamnati mai gidan kansa ya tsaya mata. Mamanta kayan miya take sayarwa, kawunta kuwa gyaran agogo yake yi a bakin tasha. Duk babban ma'aikacin da suka sani, daga nesa suke gaishe shi. Tun daga nan sai ɗage zama: yau mai ƙara ya yi tafiya, gobe alƙali yana taro, jibi babu man da za a sa wa motar gidan yari. Abokan karatunta suka yi jarrabawa suka fita, tana bakin taga tana bitar sunayen ƙasusuwa.

Sai lauyan da gwamnati ta ba ta ya zo da albishir. Ya yi magana da mai gabatar da ƙara. In ta amsa laifi, hukuncin da za a yanke mata bai kai zaman da ta riga ta yi ba, a ranar za ta tafi gida. Ya faɗa a gaban gandiroba, kafin Nas ta dawo ɗaki labari ya riga ta, har an fara yi mata guɗa. Ba ta ce wa kowa e ba, ba ta kuma ce a'a ba.

A barandar kotu ta tarar da Mama zaune a kan benci, ta rungume wata jakar leda kamar jariri. Gandirobar da ta rako ta mutuniyar kirki ce, ta juya baya ta ba su wuri. Mama ta buɗe jakar ta nuna mata: sabuwar riga, takalmi, har da turare, don kada ta shiga unguwa da warin wancan wurin. Ta ce ta share ɗakin, ta wanke labule, maƙwabta duk sun san yau ce ranar. Tana magana tana shafa wuyan hannun 'yarta, inda ƙashi ya fito.

Kawu ya ce shi ya rufe teburinsa ya zo, don haka kada a tsaya dogon turanci. Kalma ɗaya ce za a faɗa a wuce wurin.

Lauyan ya iso da gudu-gudu, baƙar rigarsa a kafaɗa, fayil-fayil cike da hammatarsa. Ba mugu ba ne, gajiya ce ta cinye shi. Ya sake maimaita mata yadda za a yi: magatakarda zai karanta tuhuma, a tambaye ta, ta ce ta amsa, shi kuma ya tashi ya roƙi sassauci.

"In na amsa, me za a rubuta a kaina?" ta tambaye shi.

Ya ce ai rubutu ne kawai.

"Ɓarauniya za a rubuta. Hukumar jinya tana ba ɓarauniyar magani lasisi?"

Ya gyara fayilolinsa. Ya ce gaskiya ba ta bayarwa, amma ai sana'o'i suna da yawa a duniya, kuma ita yarinya ce. Kawu ya karɓe zancen, ya ce wane lasisi kuma, mutum yana cikin rami yana zancen hula. Ya ce wannan taurin kan ne ya kai ta inda take, da ta yi allurarta ta yi shiru da yanzu tana gida. Karatun ne ya hau mata kai, in ji shi, tun tana ƙarama ba a gaya mata ta ji.

"Shi mai asibitin ya zo?" Nas ta tambayi lauyan, kamar ba ta ji kawun ba.

"Bai zo ba. In kin amsa ai ba a buƙatarsa, ƙanwata."

"Wato ko sau ɗaya ba zai tako nan ba."

Mama ta kama hannunta da hannu biyu. "'Yar nan, ni na san ba ki ɗauka ba. Allah ya sani. To wa ya rage? Ki faɗa musu abin da suke so, mu tafi gida. Ƙafafuna sun gaji da hanyar gidan yarin nan."

Wannan ce ta shige ta. Maganar Kawu ta bi iska, amma ƙafafun Mama ta gan su, sun kumbura sun cika silifas. Ta buɗe baki, sai aka kira masu shari'a su shiga.

Ɗakin kotun ya cika, fanka ɗaya ce ke juyawa, ita ma a saman kan alƙali. Waɗanda aka kawo daga ɓangaren maza suna jere a benci, ana kiran su ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka ce ya saci waya ya amsa. Wanda aka ce ya yi faɗa a tasha ya amsa tun magatakarda bai kai ƙarshen karatu ba, har alƙali ya ce ya dakata a gama tukuna, aka yi dariya. Wani dattijo da aka tuhuma da sayen kayan sata ya dubi lauyan, lauyan ya gyaɗa masa kai, shi ma ya amsa. Abin yana tafiya sumul kamar layin karɓar magani. Kowa ya amsa sai a yi masa 'yar nasiha, danginsa su yi hamdala a baya, a buɗe masa ƙaramar ƙofar gefe.

Aka kira ta. Ta shiga akwatin katakon, ta dafa gefensa da hannuwan mutane suka goge har yana sheƙi. Magatakarda ya karanta tuhumar da muryar wanda ya ƙosa ya tafi cin abinci: cewa ita, tana ma'aikaciya a asibiti kaza, ta ci amana ta sace magunguna. Nas ta saurari kowace kalma. Ta hango Mama a layin baya ta ɗora jakar a cinya, ta riga ta zaro takalmin ta riƙe a hannu. Ta dubi akwatin shaida da ke ɗaya gefen, babu kowa a ciki sai kujera.

Alƙali ya tambaye ta ko ta fahimci tuhumar. Ta ce ta fahimta. Ya ce ta amsa ko ba ta amsa ba, alƙalaminsa ya riga ya sauka a kan takarda.

"Ban aikata ba, ranka ya daɗe."

Alƙalamin ya tsaya. Mai gabatar da ƙara ya juyo ya harari lauyan, lauyan ya miƙe rabi ya ce a ba shi minti ɗaya ya gana da wadda yake karewa. Nas ta ce ba sai sun gana ba. Alƙalin ya cire tabarau ya dube ta sosai, karo na farko tun da aka fara kawo ta gabansa. Ya tambaye ta ko ta san abin da wannan amsar take nufi, ko an gaya mata inda za ta kwana yau.

"Na san wurin, ranka ya daɗe, daga can nake. Wanda ya ce na yi sata ya zo ya zauna a kujerar can, ya rantse, ya faɗa ina kallonsa. Ni na zo duk ranar da aka kira ni."

Wani a baya ya ce kai, yarinyar nan. Ɗan sandan kotu ya daka tsawa a yi shiru. Alƙali ya yi rubutu mai ɗan tsawo, sannan ya ce a aika wa mai ƙara sammaci, kuma wannan ce ɗagewa ta ƙarshe, in bai zo ba kotu za ta san abin yi. Nas ta taɓa jin wannan ta ƙarshen daga bakinsa. Ta rusuna ta ce ta gode.

A baranda Kawu bai tsaya ba. Ya ce shi ya wanke hannunsa, ya kaɗa rigarsa ya nufi titi. Lauyan ya ce ta sa shi jin kunya a gaban abokin aiki, sannan ya zaro fayil ɗinta daga ƙasan tarin ya mayar da shi sama, ya ce zai bi sammacin da ƙafarsa.

Mama ba ta yi kuka ba. Ta mayar da takalmin cikin jaka, ta ƙulle bakinta tamau, ta ƙi kallon 'yarta. Sai da gandiroba ta ce lokaci ya yi sannan ta yi magana, idonta a kan jakar.

"Bargon da na kai miki yana nan dai?"

"Na bayar, Mama. Na raba komai da safe."

"Kin raba." Mama ta ɗago. "Kin san abin da za ki faɗa, kika raba?"

"Ban sani ba sai da na ji an karanta."

Mama ta daɗe tana kallon ta. Sai ta warware babban mayafin da ke jikinta, ta ninka shi, ta tura mata a ƙirji da ƙarfi kamar mai duka.

"Kayan nan zan ajiye su, ba za su ruɓe ba," in ji ta. "In mutumin nan ya zo, ki ɗaga murya. Ɗazu da ƙyar na ji ki daga baya."

Rana ta yi sanyi lokacin da aka buɗe ƙofar ɗakin. Hira ta tsaya cak. Yarinyar da aka ba bokiti ta ja shi bayanta a hankali, mai ciki ta ƙara zama a kan bargo. Wadda ta gaji bakin taga ta juya fuska bango kamar mai barci. Nas ta tsaya a ƙofa da mayafin Mama a hannu, ta ce musu kowa ya riƙe abin da aka ba shi, ita ba ta zo karɓar komai ba.

Gwamna ta tambaye ta me ya faru, ta gaya mata a taƙaice. Gwamna ta ce doka dai doka ce, wadda ta shigo yau sabuwar zuwa ce, ta san wurinta. Nas ta ce ta sani. Ta shimfiɗa mayafin a bakin ƙofa, gefen masai, ta zauna ta miƙe ƙafafu.

Gwamna ta miƙa hannu bakin taga ta ɗauko littafin. Ta kaɗe shi a cinyarta ta ba wadda ke kusa da ita, wannan ta miƙa wa ta gaba, ya bi hannu-hannu har ƙarshen ɗakin.

"Na gaya muku kaya suna jawo mai su," in ji Gwamna.

Nas ta karɓa. Hasken bakin ƙofa bai kai na taga ba, sai da ta karkata littafin wajen ramin da ake miƙo abinci sannan ta ga rubutun. Ta nemo shafin da ta tsaya.