Yatsun Dogo

Auta ya shigo garejin yayansa Dogo rungume da kwali, bakinsa har kunne. Ya ture gwangwanin baƙin mai da kofin shayi, ya dire kwalin a kan tebur.

"Yaya, sun iso!"

Dogo ya buɗe. Rokoki ne sababbi fil, sai sheƙi suke, kowacce da 'yar taya a bakinta. Roka dai ɗan ƙarfe ne da ke lilo a saman inji yana danna bawul ya buɗe. Ta kamfani gogar kan bawul take yi, waɗannan kuwa mirginawa suke, shi ya sa masu motar tsere ke mutuwar son su. Tun da Auta ya sayi tsohuwar jar motarsa mai gurnani ba shi da hira sai tasu. Matarsa ma ta haddace sunansu, ba don tana so ba.

"Ƙarshen makon nan ne tseren fa," in ji Auta. "Kuma wallahi ba mai taɓa min inji sai kai."

Maganar ta soki Dogo. Ciwon suga ya daɗe yana cin yatsunsa a ɓoye, yanzu kan babban yatsa da manuni sun mutu murus, kamar ya sa safar hannu mai kauri. Matarsa kaɗai ta sani, ita ma don ita ke saka masa maɓallin riga da safe. Kwancewa da ɗaurewa yana lallaɓawa da ido, ba wanda ya gane.

Amma saita roka ba a yin sa da ido. Akwai siririyar sanda a ƙarƙashin kowacce, mai tura ta sama. Za ka riƙa murza sandar tsakanin yatsu biyu, ɗaya hannun yana ɗaure noti sannu a hankali, har ka ji ta soma cijewa. Nan za ka ƙara rabin zagaye ka kulle. In ka zarce, bawul ya ƙi rufuwa ya ƙone. In ka bar ta sako-sako, roka ta fice daga mazauninta ana tsaka da gudu, inji ya watse. Kuma ƙaninsa ne zai zauna bayan sitiyarin.

Dogo ya cire murfin inji, ya fitar da tsofaffin rokokin, ya ɗora sabuwa ta farko. Ya kama sandar ya murza. Yana ganin tana juyawa, amma a yatsunsa shiru kake ji. Ya sauya hannu. Ya gwada da yatsan tsakiya, ya gwada da ƙaramin yatsa, har kunne ya kara kusa kamar sanda za ta yi masa magana. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a gaban inji ba.

Sai dabara ta zo masa.

"Kai, zo nan ka koyi abu. Kullum sai tuƙi da surutu. Murza wannan, in ka ji ta cije ka faɗa min."

Auta ya naɗe hannun riga yana dariya. Dogo ya soma juya sifana.

"Ta cije?"

"Eh... a'a, tsaya. Kamar dai ta cije. Ko santsin mai ne?"

"Ni nake tambayarka!"

"Yaya, ni fa duk ɗaya nake jin su. Kai da Allah ya ba hannu, me na yi maka za ka wahalar da ni?"

Dogo ya ture shi gefe da kafaɗa. Abin da ya shafe rayuwarsa yana tarawa a yatsu ba zai zuba shi a kunnen wani kafin ƙarshen mako ba. Ya so ya ce a kai motar wani garejin. Amma kanikawan layin nan kaf wurinsa suke zuwa in inji ya gagare su, da wane baki zai faɗa? Ya koma kan sandar, ya matse ta da ƙarfi, ya ƙara matsewa, ko wani abu zai ratsa ya iso gare shi.

Auta ya jingina da mota yana ba da labarin kwanar da zai sha a filin tsere da wanda zai bari a baya. Can sai idonsa ya sauka kan injin.

"Yaya, jini."

Dogo ya duba. Jini ne kuwa, yana ɗiga kan sabuwar rokar, har ya gangara cikin inji. Kaifin gefen ƙarfe ya tsaga shi, kuma da alama ba yanzu ba ne. Ya ɗago hannuwansa biyu, baƙi ƙirin da mai, ya juya su yana dubawa.

"Wane yatsan ne?" ya tambaya.

Auta ya kamo babban yatsan, ya naɗe shi da tsumma, ya danna daidai kan ciwon iya ƙarfinsa, idonsa a kan fuskar yayansa, yana jiran ya ga ta yamutse. Ko gezau Dogo bai yi ba.

"Tun yaushe, Yaya?" Muryar Auta ta yi ƙasa.

Dogo ya tsaya da hannunsa cikin na ƙaninsa, yana kallon sauran rokokin a kwali.