Takun Aro

Wata biyu bayan an yi wa Tela aikin zuciya, likita ya ce ƙirji ya haɗe, saura gyaran hali. A rage gishiri, a bar soye-soye, sannan tafiyar ƙasa kowace safiya, a fara da kaɗan a riƙa ƙarawa. Tela ya gyaɗa kai, amma tafiyar nan ta tsaya masa a rai. Shekara arba'in yana zaune a kujera ɗaya yana taka keken ɗinki, yanzu a ce ya fita yawo alhali babu inda za shi?

Autarsa ta san halin ubanta, sai ta sayo masa agogon hannu mai ƙirga taku, ta haɗa shi da wayarta.

"Baba, duk takun da ka yi ina gani daga ofis."

"Ashe 'yar sanda na haifa ban sani ba," in ji shi.

Kwana uku ya yi biyayya. A na huɗu, da ya kai bakin layi, sai ya buɗe shagonsa ya zube a benci. Yana nan zaune sai ga tsohon abokinsa, mai karanta mitar ruwa, wanda ke bin gida-gida da ƙafa tun safe har tsakar rana. Tela ya dubi ƙafafun mutumin, ya dubi agogo.

"Abokina, zo ka ara mini ƙafafunka."

Daga ranar, kullum da safe ya ɗaura wa abokin agogo, ya turo ƙofar shago, ya kunna rediyo ƙasa-ƙasa. Da rana ya karɓi abinsa ya koma gida yana ɗingishi. Auta ta bugo waya tana murna: "Baba, taku dubu goma sha biyu!" Uwargida kuwa ta dafa ruwa tana gasa masa ƙafafu, tana faɗa wa maƙwabta cewa maigidanta ya fi samarin layin nan. Shi kuma ya lumshe ido yana cewa, "Danna nan, nan ne ya fi shan wuya."

Ranar komawa asibiti su uku suka je, shi da uwargida da Auta. Ma'aikaciyar sashen motsa jiki ta karɓi wayar Auta, ta daɗe tana dubawa.

"Baba, shekaranjiya ka hau bene hawa tara?"

"Ƙarfin hali ne kawai, 'yata."

Ba ta yi musu ba. Ta manna masa wayoyi a ƙirji, ta ɗora shi a kan injin tafiya, ta kunna a mafi ƙarancin gudu. Minti biyu bai cika ba Tela ya ƙanƙame ƙarfen gefe, gumi na zuba, numfashi na fita da ƙyar. Ta kashe injin ta zaunar da shi.

"Mai ɗaukar agogon nan a gaishe shi, zuciyarsa lafiya lau," ta ce. "Amma ba shi aka yi wa aiki ba. Da na yarda da lambobin nan, da na ƙara maka gudu ninki uku, ka san abin da zai biyo baya?"

Nan fa Tela ya sunkuyar da kai ya faɗi gaskiya tas. Auta ta toshe baki, ba a san dariya take ba ko kuka. Uwargida ta gyara mayafinta ta yi gaba, suka biyo ta har gida.

Washegari ya tarar da ita a bakin ƙofa, ta ɗaure takalmi.

"Wuce gaba. Ni ba na aruwa."

Minti goma suka yi ranar, suka huta sau biyu. Ya yi ta mita, ta yi kunnen uwar shegu da shi. Sati uku bayan haka suna kaiwa har gadar bayan makaranta, kuma ya lura barcinsa ya gyaru, hawan matakalar gida ya daina tsayar da shi.

Wata safiya a kan tudun gadar ya ji haki a bayansa. Ya juya, uwargida ce ta dafa ƙugu.

"Yaya dai, a kira miki motar asibiti?"

"Takalmi ne ya matse ni," ta ce tana hararar sa.

"Lallai kam, takalman yanzu ba su da kirki."

Ya rage sauri, ya miƙa mata gorar ruwansa, suka ƙarasa hawan a hankali yana ƙunshe dariya.