Jigo a Ƙarƙashin Waya

Shekaru kaɗan bayan Nasara sun ci Sakkwato, wani kamfani ya karɓi aikin jan wayar tangaraho daga birni har bakin iyaka. Aka jera turakun ƙarfe cikin gonaki da fadamu, wayar ta ƙare a wani ɗan soro kusa da kasuwar Illela. A nan akawu Malam Mukhtari ke zama yana ƙwanƙwasa wani ɗan ƙarfe da yatsa, magana ta isa Sakkwato kafin mutum ya sha ruwa ya ajiye moɗa.

Halliru shi ne mai gyaran waya na wannan yanki. Tun yana gidansu an san shi da rashin zama wuri ɗaya, ko tuwo a tsaye yake ci in ba a tsawata masa ba. Aikin kamfani ya zo masa daidai. An ba shi ɗamarar fata da awartaki da ƙarafan hawa da ake ɗaurawa a ƙafa, kuma babu abin da yake so kamar ya haye turke ya tsaya can sama, yana hangen shanun Fulani suna tsallaka iyaka zuwa ƙasar Faransa ba tare da sun tambayi kowa ba. Da yamma yakan raɓe a ƙofar soro yana sauraron ƙwanƙwasar Malam Mukhtari, har ya fara gane wasu baƙaƙe. Baturen kamfani, wanda mutane ke kira Mai Madubi, ya taɓa cewa in rani ya wuce lafiya za a tura shi Sakkwato ya koyi bugun waya. Tun daga ranar Halliru bai ƙara tunanin wani abu ba.

To, a ranin nan ne wayar ta soma bebancewa.

Da safe Malam Mukhtari zai buga, shiru. Sai rana ta ɗaga wayar ta dawo da kanta, tana magana ras kamar ba ita ba. Gobe haka, jibi haka. Akawu ya duba kwalaben ruwan batir, ya goge ƙarafa, ya yi addu'a, bai ga laifin komai a ɗaki ba.

"Ciwon na waje na, Halliru," in ji shi. "Wani abu na shan ƙarhin wayag ga yana zuba shi ƙasa. Tahi ka bi ta."

Halliru ya bi ta. Ya bi ta har tafin ƙafarsa ya tsage. Ya hau turaku ya duba 'yan kofunan tangaran da waya ke zaune a kansu, ya kakkaɓe sheƙar tsuntsaye, ya sare rassan da ba su ma kusanci waya ba don dai ya huce. Kullum sai ya dawo ya tarar ta warke, akawu yana bugunsa, yana kallonsa ta wutsiyar ido.

Amma akwai wuri ɗaya da bai taɓa dubawa ba, shi kansa kuma bai lura ba. A fadamar Amarawa wayar ta ratsa ta kan wani lambun albasa, lambun kuwa na Malam Attahiru ne, mahaifin matarsa Tasalla. Mutumin kirki ba ya ratsa gonar surukinsa. Ba ya haɗa ido da shi, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya kama sunansa ko a bayan idonsa. Tun ranar da aka kafa turakun nan, in Halliru ya iso wurin sai ƙafafunsa su kauce da kansu, ya yi zagaye ta bayan dabinai, ya koma ƙarƙashin waya can gaba. Ya yi ta yin haka yana neman ciwon waya, bai taɓa sa wannan gurbin cikin lissafi ba.

Washegarin ranar da saƙo ya zo cewa Mai Madubi zai taso da kansa ya bi layin, Halliru bai jira akawu ya buga ba. Yana sallame sallar asuba ya ɗaura ɗamara ya fita. Ya iso Amarawa rana ba ta gama fitowa ba, ya kauce kamar kullum, sai ya ji wata ƙara daga bayan dabinai, ƙiii, ƙiii. Ya tsaya ya leƙa.

Tsohon ne yana ban ruwa. Ya kafa sabon jigo a bakin rijiya, doguwar sanda kan gwafa, da curin laka a gindinta, da igiya da guga a kanta. In ya ja igiya guga ya nutse, in ya saki kan sandar ya tashi sama da ruwa. Turken da ke cikin lambun ya ɗan nutse a lakar fadama, waya ta yi ciki. Duk tashin da sandar za ta yi sai ta goge ta, igiya jiƙe sharkaf, sanda jiƙe, ruwa na bin su har ƙasa. Ga inda maganar Sakkwato take ƙarewa, cikin albasar surukinsa. Da hantsi ya yi tsohon ya gama, ya ɗaure kan sandar a ƙasa, ya kora jakinsa ya tafi.

Halliru ya zauna a gindin dabino, ya tashi, ya sake zama. Ya san dokar kamfani, don shi ya riƙe wa mai shela doki ranar da aka karanta ta a kasuwa: duk wanda ya taɓa waya za a kai shi gaban alƙali, a kuma raba shi da ƙasar da ke ƙarƙashinta. In ma'aikacin kamfani ne, kora ce. Ya kuma san maganin ba wuya gare shi. A tumɓuke gwafar, a kafa ta a ɗaya gefen rijiya, shi ke nan. Abin da ya rage kawai wani ya gaya wa tsohon.

Nan fa ake yin ta. Mutumin da aikinsa shi ne magana ta yi tafiyar kwanaki cikin ƙiftawar ido, ga shi ya rasa yadda zai tsallakar da kalma ɗaya daga wannan gefen shinge zuwa wancan.

Ya gwada abin da zai iya. Da la'asar, da ya tabbata babu kowa, ya shiga lambun a kan yatsun ƙafa, kamar wanda ya zo sata. Ya hau turken ya ɗame wayar iya ƙarfinsa. Washegari turken ya ƙara kwantawa, waya ta koma yadda take. Neman dogon turke kuwa sai an gaya wa Bature dalili. Ya tsaya ya dubi gwafar, har ya kai hannu, ya janye. Ya tumɓuke abin da surukinsa ya kafa da hannunsa, a bayan idonsa? Gara a ce masa ya shiga kasuwa ba wando.

Sai ya koma gida ya faɗa wa Tasalla tana tankaɗe.

"Jigon da mutanen gidanku sunka kahwa, shi ka taɓa waya. In ba a gusa da shi ba kahin Bature ya zo, lambun zai tahi, kuma har gaban alƙali."

Ta ajiye rariya. "To ni mi zan yi? Ka san ni ta hwari ce. Tun da anka haihe ni bai taɓa kiran sunana ba, ni ko ban taɓa zama gabanai ba. Ko Inna ba ta duba na in ina magana."

Gaskiya ta faɗa. 'Yar fari ce, iyaye kuwa kunyar ɗan fari suke ji, a hannun goggonta Hauwa'u ta girma. Don haka ta yafa zane ta tafi wurin goggo. Amma bakinta bai iya cewa mahaifinta ya yi laifi ba, sai ta ce maigidanta ya bi ta wajen lambu, ya ga jigo ya yi tsawo, har ya kusa waya, hankalinsa bai kwanta ba. Goggo Hauwa'u ƙanwar tsohon ce, ba ta kuma ga yadda za ta kai wa yayanta gyara daga bakin suruki ba. Ta tarar da shi yana alwala, ta gaishe shi, ta tambayi ƙafarsa, sannan ta ce yaron nan ya bi ta wajen lambu, ya ga jigo dogo, ya ce aiki ya yi kyau.

Washegari aka aiko wa Halliru da kwandon ganyen albasa da gaisuwa.

Ya dubi kwandon, haushi da tausayi suka kama shi. Tasalla ta sa ganyen a miya, ya kasa ci. Kwanakin nan kowa ya ga Halliru ya san ba lafiya. Ya je soro ya zauna, ya tashi ya zagaya kasuwa, ya dawo. Ya sa goro a baka ya manta bai tauna ba. Sau da yawa yakan kama hanyar Amarawa da niyyar yau sai ya faɗa, ya shirya kalmomin tun daga ƙofar gari, har ya hango farar hular tsohon tana sunkuyawa tana ɗagowa. Daga nan sai ƙafafun su bi ta bayan dabinai.

Malam Mukhtari ba yaro ba ne. Wata rana ya ɗago daga ƙarfensa ya ce, "Ka ishe ciwon, ko?"

Halliru ya gyaɗa kai.

"Na wa na?"

"Na wanda ba ni iya kiran sunanai."

Akawun ya daɗe yana murza gemu. Ya ce zai je da kansa ranar Juma'a bayan masallaci, tunda shi babu kunya tsakaninsu, kuma dokar kamfani ta hana shi barin ɗaki sauran ranaku. Halliru ya ji kamar an sauke masa kaya. Sai dai Mai Madubi bai jira Juma'a ba. Ranar Alhamis da sassafe ya iso a kan doki da 'yan doka biyu, ya ce a bi layin yanzu, tun wayar tana bebiya. Ya tafi da Halliru, da kuma akawu don ya yi tafinta.

Bature bai san zagaye ta bayan dabinai ba. Ya bi ƙarƙashin waya kai tsaye, dokinsa yana tattaka kunyoyin albasa, har ya tsaya a bakin rijiya. Tsohon ya saki igiya don ya gaishe shi, kan sandar ya tashi, ya goge waya a gaban kowa, ruwa ya ɗiɗɗigo kan hular Bature.

Mai Madubi ya cire madubinsa ya goge. Ya yi magana, Malam Mukhtari ya juya ta da murya ƙasa-ƙasa, yana duban Halliru.

"Ya ce jigon wa na. Ya ce kai ka bin wurin ga kullum, ka hwaɗi sunan mai shi."

Halliru yana durƙushe can gefe, ya cire takalma, idonsa a ƙasa. Bai taɓa kusantar surukinsa haka ba tun ranar ɗaurin aure. Yana ganin ƙafafun tsohon, sirara, laka ta bushe a kansu har gwiwa. Ya tuna soron Sakkwato da bai taɓa gani ba, da ƙarfen da ya so yatsansa ya iya. Yana son aikin nan, so na gaske, kuma ya san abin da zai faɗa zai raba shi da shi.

"Nawa na," in ji shi. "Ni nak kahwa shi. Baba taimako na yaka yi."

Malam Mukhtari ya dube shi, ya dubi tsohon, sannan ya juya maganar yadda aka faɗe ta, bai ƙara ba bai rage ba. Tsohon ya buɗe baki, akawun ya girgiza masa kai kaɗan, ya rufe.

Ba a daɗe ba. Aka kwance wa Halliru ɗamara, aka karɓi awartaki da ƙarafan hawa, ɗan doka ya rataya su a kafaɗa. Aka sassare sandar jigon gunduwa-gunduwa. Bature ya ce kada a sake kafa wani abu mai tsawo a lambun nan, ya juya dokinsa. Ba a kai kowa gaban alƙali ba, lambu kuma ya zauna a hannun mai shi.

Albasa ba ta san an yi shari'a ba, ruwa take so. Da asubahin Juma'a Halliru ya ɗauki guga da ƙwarya ya nufi Amarawa, karo na farko ya shiga ta ƙofar shinge. Ya durƙusa ya yi gaisuwa daga nesa, aka amsa daga nesa. Ya kama ja da hannu yana zubawa a magudanar ruwa, tsohon yana can ƙarshen lambu yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya, kowa ya ba ɗan'uwansa baya. A samansu waya tana ɗan kuka cikin iska. Halliru ya san yanzu haka Malam Mukhtari yana bugu, Sakkwato tana amsawa, bai ɗaga kai ba.

Can da rana ta fara zafi tsohon ya miƙe, ya je wurin jakinsa da ke ɗaure a shinge, yana gyara masa akumari da bai buƙaci gyara ba. Ya yi magana da jakin, a hankali, amma yadda za a ji har bakin rijiya.

"Kai ko, da an hwaɗa min, ai da na mai da shi wancan gehen rijiya. Aikin hantsi guda na."

Halliru ya tsaya da igiya a hannu. Idonsa ya cika, ya goge da kafaɗa, ya sake jefa guga.