Hannun Sista

Marin a kunne ya same ta, amma Sista ba ta zare hannunta ba.

"Mayya! Fito da hannunki daga jikin yarinyar nan!" Uwar mijin mai naƙudar ce ta shaƙo wuyan farar rigarta tana jijjigawa. "Yaro na son fitowa kina mayar da shi ciki? A ina aka taɓa yin haka?"

Tun da faya ta fashe Sista ta ga abin da take tsoron gani a wannan ƙaramin asibitin da ba likita: igiyar cibiya ta riga jariri saukowa. Idan kansa ya danne ta, jini ya daina kai masa, shi ke nan. Nan take ta sa mai naƙudar ta durƙusa, ƙirji a katifa, ƙugu a sama, ta sa safar hannu, ta tura yatsunta ta tokare kan jaririn. A gefen yatsanta tana jin igiyar na bugawa. Bugun nan shi ne ransa.

"Kai maigida, daina kallona!" ta daka wa mijin tsawa. "Kai da direba ku ɗauke mu da katifar gaba ɗaya. Babban asibiti, tiyata."

Haka aka cusa su a bayan mota, tsohuwar ta kutsa ta bi su. Rana ta take, ƙarfen motar kamar kasko. Duk ramin da suka faɗa sai kafaɗar Sista ta bugi ƙofa. Duk naƙudar da ta taso sai ƙashi ya matse mata yatsu kamar an datse su da ƙyaure.

"Sista, zan yi nishi, wallahi zan yi!"

"Kika yi nishi ni da ke ne. Buɗe baki ki yi ta haki. Haka, ƙanwata. Haka."

Tsohuwar ta cire takalmi. Bugun farko a ƙeya, na biyu ya fasa wa Sista leɓe.

"Inna, don Allah..." in ji mijin.

"Rufe min baki, sakarai! An yi mata boko an mayar da ita mahauciya, kana kallo!"

Sista ta tofar da jini a gefe. "Dake ni iya son ranki, Inna. Bayana naki ne. Hannun nan ne dai ba naki ba."

Kamar an zuga ta, tsohuwar ta damƙo gwiwar hannun da hannu biyu ta fizga. Kan jaririn ya zamo. Bugun igiyar ya ɗauke. Sista ta sa ƙafa ta hankaɗe ta har ta bugu da jikin motar, sannan ta cije leɓenta da ya fashe ta sake turawa da duk ƙarfinta. Ta jira. Can ta ji shi, a raunane, ya dawo.



A kan gadon tura marasa lafiya Sista ta shiga ɗakin tiyata, a tsugune. Aka kwantar da mai naƙudar, aka lulluɓe Sista da koren ƙyalle, cikin duhu da ƙarnin jini, har ta ji kan ya bar yatsunta.

"Na kama, Sista," in ji likita. "Saki."

Shiru. Sai kuka, siriri, mai masifa.

Tana zaune kan benci a baranda, hannun damanta a ƙanƙame ya ƙi buɗuwa, tsohuwar ta zo tana ɗingishi da kofin ruwa. Sista ta miƙa hannun hagu ta karɓa, tana kallonta ido cikin ido.

Tsohuwar ta kalli hagun, ta buɗe baki. Sai idonta ya sauka kan ɗayan. Ta zauna, ta ɗora shi a cinyarta, ta fara miƙe yatsun ɗaya bayan ɗaya.

"Mace ce," ta ce, ba ta ɗago ba. "Bakinta irin naki."

Sista ta kurɓi ruwan, ya yi mata zafi a leɓe.

"A hankali, Inna. Na san nauyin hannunki."