Haƙoran Alhaji Zarami a Tafkin Kifi

Atishawa ɗaya ce ta jawo duk wannan bidiri. Alhaji Zarami na tsaye bakin tafkin simintin da yake kiwon kifi a bayan gidansa a Azare, sai ya ji ta taho. Atisha! Haƙoran robarsa, sama da ƙasa, suka yi tsalle, cuɓul!

Ranar fa ba ranar wasa ba ce. Bayan Azahar za a ɗaura auren Humaira, 'yar ƙaninsa marigayi, wadda ya raina tun tana rarrafe, kuma shi ne waliyyi. Da wane bakin zai ba da ita? Da dasashi? Haba!

Ya leƙa ruwan, ya ga rana da gajimare, ba ƙasa ba dalilinta. Ya laluba da komar kamun kifi, a banza. A zubar da ruwan kuwa, ƙananan kifi dubu uku su mutu.

Maƙwabciyarsa Joan, malamar kimiyya a sakandare, ta zo taya mata aikin biki, ta tarar da shi ya toshe baki da hula.

"Baba Alhaji, lafiya?"

Ya nuna baki, ya nuna ruwa. Ta yi ta maza, ta yi ta maza, ƙarshe dariya ta ƙwace mata har da dafa bango. Sannan ta zaro baƙin tabaran tuƙinta daga jaka.

"Saka wannan."

Shi da ba ya gani, a ƙara masa duhu? Ya dai saka. La'ilaha illallahu! Ƙyallin ya ɗauke ɗif. Ga ƙasan tafki tar, ga haƙora can a lungu sun yi wa kifi murmushi.

"Shihiri!" in ji shi, don ba haƙora harafin "s" ya gagara.

"Ba sihiri, Baba. Haske tafe yake yana kaɗawa, kamar igiyar da aka girgiza. Gefen da lantarkin cikinsa ke kaɗawa, shi muke dubawa: a tsaye ne ko a kwance. Na rana a cakuɗe yake zuwa, amma in ya daki ruwa ya dawo, yawancinsa a kwance yake. Tabaran nan kuwa na tsaye kaɗai yake bari ya wuce. Karkata kanka ka gani."

Ya kwantar da kai a kafaɗa, ƙyalli ya dawo. Ya miƙe, ya ɓace. Kwance, tsaye. Kwance, tsaye! Dattijo mai shekara saba'in da biyu ya kama ƙyalƙyala dariya, baki wawulo, ya manta da hula. Matan da ke dakan fura suka zo suka yi layi, kowa sai ta gwada, kowa wuya a karkace.

"Baba, haƙoran fa!" in ji Joan.

Da kai a tsaye ya zura koma, sau ɗaya tak. Aka wanke su da ruwan zafi har sau bakwai.

Bayan Azahar, a tsakiyar jama'a, liman ya juyo gare shi. Alhaji Zarami ya gyara zama, haƙora reras, ya buɗe baki da ƙarfinsa: "Na ba Najmuddeen auren 'yata Hu..."

Nan muryar ta maƙale. Ƙaninsa marigayi ya faɗo masa a rai, hawaye shar a kan gemu. Sai da liman ya matso da kunne daf da bakinsa kafin ya ji sauran sunan.